Ni da Keke a Duwatsun Shenandoah

Jama'a, da na ce wa Baba zan bi Skyline Drive da keke, cewa ya yi, "Na kawo ka Amurka don ka koma keke?" A wajensa keke na wanda bai samu mota ba ne.

Hanyar mil 105 ce, daga Front Royal zuwa Rockfish Gap. A Yuli na tashi, Washington kamar murhu, can sama kuwa iska mai sanyi. Amma hawan fa, wallahi ba wasa. Dab da Skyland, tsayin ƙafa 3,680, cinyoyina suka ƙi.

Na kira gida ina haki. Baba ya yi dariya: "To sauka ka tura mana! Haka muke yi da Raleigh ɗinmu a hanyar Funtuwa."

Na sauka na tura.