Mudu Ɗaya Ga Kowa: Adalci A Gasar Ƙera Mutum-mutumi

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Ƙanƙara ya san ciniki ba ya ɗorewa sai da mudun gaskiya. Ranar da mai awo ya ajiye mudu biyu, ɗaya na ɗan gari, ɗaya na baƙo, ranar kasuwa ta kama hanyar watsewa. Haka gasar kimiyya ta 'yan makaranta take, musamman ta ƙera mutum-mutumi, wato na'urar da ake tsara wa umarni a kwamfuta ta yi aiki da kanta.

Abin misali shi ne gasar FIRST LEGO League, wadda aka soma a Amurka a 1998, ta kuma iso makarantun Nijeriya. Minti biyu da rabi kacal ake ba kowace na'ura a fage. In ɗalibi ya sa mata hannu bayan ta bar mazauninta, sai a rage maki. Alƙalai kuma kan titsiye ɗalibai da tambayoyi kan yadda suka harhaɗa ta. Uwa-uba, ɗalibai ne za su yi aikin. Malami jagora ne kawai.

Rubuta doka abu ne mai sauƙi, tsayawa a kanta ne aiki. Malami na iya kwana yana tsara umarnin, ya miƙa wa yara da safe. Alƙali na iya kau da kai in mai laifin daga shahararriyar makaranta ya fito.

Mai karatu ya dubi ɗalibi daga Ketare, ko Faskari, ko Sabuwa, yankin da rashin tsaro ya daɗe yana yi wa karatu tarnaƙi. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Yaron da ya jure wannan, ya haɗa na'urarsa da kayan aro, in aka kayar da shi da ƙwarewa, zai koma gida ya ƙara himma. In kuwa da son kai aka kayar da shi, darasin da zai ɗauka shi ne kimiyya ma sai da uwa a gindin murhu. Wanda aka yi wa alfarmar shi ma ya cutu, domin shi ne gobe zai sa hannu a kan lissafin gadar da bai iya ba.

Wasu kan ce a sassauta wa makarantun karkara. Tausayi ne, amma ba a muhallinsa ba. A agaza musu tun kafin gasa da kayan aiki da horar da malamai. A fage kuwa, mudu ɗaya.

Saboda haka ya wajaba masu shirya gasa su raba dokoki tun da wuri, da Hausa da Turanci. Kada malami ya yi alƙalanci a kan makarantarsa. A nuna wa kowace ƙungiya takardar makinta nan take, a kuma nemi ɗalibi ya sauya umarnin na'urarsa a gaban alƙalai. Wanda ya ƙera da hannunsa ba zai yi inda-inda ba.