Ra'ayinmu: Ƙwai Yana Ci, Ɗaki Ba Kowa

Duk wanda ya zaga unguwanninmu da tsakar rana zai ga ƙwan lantarki yana ci a ƙofar gida, ga rana tsaka tana dukan ƙasa. Ba kullum ne sakaci yake kawo haka ba. An ɗauke wuta da dare, aka kwanta ba a taɓa makunni ba, da safe kowa ya fita harkarsa, sai aka kawo wutar bayan an kulle gida. Haka ƙwai zai wuni yana haska ɗakin da babu kowa.

A da ba mu damu ba, domin takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi ce, ko ka kashe ko ka bari duk ɗaya. Mita mai kati ta canja wannan. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke tsara farashin lantarki a Nijeriya ta kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga masu rukunin A, ko da yake an ɗan rage daga baya. Shi ya sa yanzu ake ta tallar wata 'yar na'ura wadda take kashe wuta da kanta in ɗaki ya zama ba kowa. Mun ga ya kamata mu yi wa 'yan'uwa bayani kafin su kai kuɗinsu kasuwa.

Na'urar ba ganin mutum take yi ba. Ɗumin jikinsa take ji sa'ad da yake motsi a gabanta. In motsi ya tsaya, sai ta jira 'yan mintocin da aka sa mata, sa'an nan ta yanke wutar. Da yawansu suna da maɓalli biyu, ɗaya na lokaci, ɗaya na haske, don kada su kunna da rana. Wannan na biyun shi ne maganin ƙwan ƙofar gida da muka ambata.

Amma a yi lissafi tukuna. Tsohon ƙwai mai wat 60, in ya ci banza awa 10 kowace rana, ya sha yunit 18 a wata, wato Naira 4,050 a wancan farashi. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa kusan ɗaya ne da na wancan, bai kai yunit 3 ba, wajen Naira 600 ke nan. Ita kanta na'urar tana ɗan shan wuta dare da rana, domin ba ta barci. Saboda haka wanda har yanzu yake da tsohon ƙwai, ya fara canja shi. Wanda kuwa ya riga ya canja, kada mai talla ya ruɗe shi cewa na'ura a kowane ɗaki za ta raba masa kuɗin wuta biyu. Masu sola da batir su ne muke ganin za su fi cin moriyarta, gama ƙwai uku da aka manta da su tun magariba suna rage abin da zai juya fanka da asuba.

Mu dai a ganinmu wurinta shi ne inda ake shiga a fita: zaure, baranda, sito da makewayi. A jihar Kalifoniya ta Amurka dokar gini ta wajabta irinta a banɗaki da garejin sabbin gidaje. Haka nan makewayin majami'a, wanda ba wanda yake jin kashe wutarsa aikinsa ne, sai a tarar da ita tana ci tun ranar Lahadi har taron addu'a na Laraba.

Falo da ɗakin kwana kuwa, muna ba da shawara a yi hankali. Dattijo ya zauna shiru yana karatun Littafi Mai Tsarki, ko yarinya tana aikin makaranta, sai wuta ta mutu domin ba su motsa ba. Ga mai ƙarfi abin dariya ne, ya ɗaga hannu ta dawo. Ga tsohuwa mai ciwon ƙafa a cikin banɗaki mai santsi, ba abin dariya ba ne. In za a sa a can, kada a yi rowar lokaci, a ba ta minti goma ko fiye. Akwai kuma irin wadda mutum yake kunnawa da hannu, ita kuwa kashewa kaɗai ce aikinta. Ita ta fi dacewa da ɗakin kwana, don kada juyin mai barci ya haska ɗaki.

Sauran abu biyu da mai saye zai sani. Akuya da kyanwa ma suna da ɗumin jiki, don haka ta tsakar gida za ta yi ta kunnuwa in ba a karkata ta daidai ba. A zafin Maris da Afrilu kuma, sa'ad da bango yake ɗaukar zafi kusan na jikin mutum, jinta yana raguwa. A nemi ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa ta, a kuma roƙe shi ya bar tsohon makunni a wurinsa, domin ranar da ta lalace.