Filin Kayan Kiɗa: Yaro Ya Ce a Saya Masa Fedar Wa-wa

A watan jiya mun yi magana a kan tsirkiyar jita da yadda ake canja ta. Mun yi niyyar ci gaba daga nan, sai ga wasiƙa daga wani magidanci wadda muka ga bai kamata ta jira ba. Ɗansa mai shekara 17 yana kaɗa jitar lantarki a ƙungiyar mawaƙan matasa, ya kuwa dame shi a saya masa wani abu wai shi wa-wa. Mahaifin ya ce shi dai a saninsa wawa ba abin saye ba ne, gama kowace unguwa tana da nata kyauta. Kuɗin abin kuma ba kaɗan ba ne, ga kuɗin makarantar ƙannen yaron yana tafe. Yana so ya san ko mene ne wannan abu, in kuwa za a saya, wanne za a saya.

To, Baba, abin da yaronka yake nema feda ce. Kamanninta kamar matakin keken ɗinki, sai dai faɗinta bai fi tafin ƙafa ɗaya ba. Ana ajiye ta a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya. Waya ɗaya tana fitowa daga jita ta shiga ta hannun dama, wata kuma ta fita ta hagu zuwa amfilifaya. Mai kiɗa yana ɗora ƙafarsa a kai, yana danna diddige, yana danna yatsu.

In kana so ka gane aikinta, gwada wannan a inda kake zaune. Ka riƙe murya ɗaya kana cewa "uuu", sa'an nan ka buɗe baki a hankali har ta zama "aaa". Muryar ba ta hau ba, ba ta sauka ba, amma launinta ya sāke. Haka fedar take yi wa jita. In an danna diddige, sautin yakan yi kauri kamar baki a tsuke. In an danna yatsu, sai ya buɗe ya yi kaifi. Waɗansu sukan kwatanta ta da kalangu, tun da shi ma magana yake yi in an matse shi. Kwatancin bai cika daidai ba, gama kalangu hawa da sauka yake yi, fedar kuwa ba ta taɓa wannan, bakin sautin kaɗai take buɗewa da rufewa. Sunan ma daga kukan da take yi aka samo shi.

Asalinta daga Amurka ne, kuma ba da niyya aka ƙirƙiro ta ba. A shekarar 1966 kamfanin Thomas Organ da ke Kalifoniya, wanda yake ƙera amfilifaya mai sunan Vox, ya sa wani matashin injiniya, Brad Plunkett, ya nemo hanyar rage tsadar wani maɓalli. Da ya musanya maɓallin da abin murɗawa, sai aka ji sautin yana magana. Aka ɗauki kayan aka sa a cikin matakin ƙara murya na wani molo na lantarki, feda ta samu. Manyan kamfanin sun zaci masu busa ne za su saya. Saboda haka da ta fito kasuwa a 1967 aka sa mata sunan Clyde McCoy, wani mai busa ƙaho irin na 'yan badujala wanda ya yi suna tun 1931 da toshe bakin ƙahonsa yana buɗewa. Ashe masu jita ne za su rungume ta. Eric Clapton ya yi kiɗa da ita a 1967, Jimi Hendrix ya nuna iyakar abin da za ta iya a waƙarsa "Voodoo Child (Slight Return)" ta 1968. Wanda ya taɓa jin kiɗan fim ɗin Shaft na 1971, wannan "waka-waka" da ke farkonsa jitar Charles Pitts ce da fedar a ƙarƙashin ƙafarsa.

Yanzu bari mu shiga kasuwa. Sunan da za ka fi ji shi ne Cry Baby. Kamfanin Dunlop ne yake yin ta tun 1982, wadda aka fi sani kuwa lambarta GCB95. Baƙa ce, jikinta ƙarfe ne, nauyinta ya ɗara kilo ɗaya da rabi, ba ta da wani maɓalli a waje. Kusa da ita akwai Vox V847, jikanyar ta farkon nan. Cikinsu kusan ɗaya ne. A ƙarƙashin matakin akwai wani ƙarfe mai haƙora, shi yake juya ɗan abin murɗawa irin wanda ake ƙara muryar rediyo da shi. Akwai kuma ƙaramin koyil, wanda masu jita suke yawan gardama a kansa, musamman irin da ake kira Fasel. Mu dai mun saurara, akwai bambanci, amma ba irin wanda zai sa magidanci ya ƙara kuɗi ba. A kunnenmu Cry Baby ta fi kaifi, Vox ta fi taushi. Ana kunna su duka biyu ta wurin danna yatsun ƙafa da ƙarfi har a ji "ƙas", haka kuma ake kashewa.

Ga wani aibi da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. GCB95 ba ta da fitilar da za ta nuna ko a kunne take. Sau da yawa yaro yakan gama nasa ɓangaren, ya ɗauke ƙafa, ya zaci ya kashe, sai jitar ta yi ta magana ta hanci har ƙarshen waƙa, kowa yana duban mai kula da amfilifaya.

Babbar abokiyar gābar irin wannan feda a ƙasarmu ita ce ƙura. Abin murɗawan nan yana gogayya ne kullum, sau ɗaruruwa a waƙa ɗaya. In ya tsufa, ko ƙurar hunturu ta sami hanyar shiga, sai a riƙa jin ƙara kamar ana taka busasshen ganye duk sa'ad da aka motsa ƙafa. Mu ma mun taɓa ƙonewa a nan. Mun sayi wata ta hannu a wani shago, mai shagon ya gwada mana ita da sauri, ga janareto yana ruri a bakin ƙofa, ba mu ji kome ba. Sai da muka kai gida dare ya yi tsit muka ji abin da muka saya. Da muka koma, ya ce ai a gabanmu aka gwada. Gaskiyarsa ce kuwa. Mai gyaran rediyo ya fesa mata maganin wanke kayan lantarki, ta yi shiru na 'yan makonni, ta dawo da halinta, har sai da aka canja abin murɗawan ɗungum. Ana samunsa a saya dabam, amma sai an nema, kuma na rediyo ba ya maye gurbinsa sosai.

Saboda wannan ne muke so ku san da wani iri dabam, na kamfanin Morley. Su ba sa amfani da abin murɗawa. A ciki akwai 'yar fitila da wani abu mai jin haske, matakin kuwa yana ƙara hasken da ke isa gare shi ko ya rage. Tun da ba abin da yake gogar wani, ba abin da zai cinye ya fara ƙara. Waɗansunsu, kamar wadda ake kira Bad Horsie, ba sai an danna maɓalli ba: da an taka ta kama, da an ɗauke ƙafa sai ta koma da kanta ta mutu. Wannan ya raba yaro da mantuwar da muka ambata. Amma fa ta fi cin batir saboda fitilar, ta fi faɗi, ba a kuma iya barinta a tsakiya a tafi, abin da waɗansu makaɗa suke so domin su sami murya guda mai ɗan hanci.

Akwai masu tsada kuma, irin Cry Baby 535Q, mai maɓallin zaɓen murya har shida da wani na ƙara ƙarfi. Kaya ne mai kyau. Sai dai wanda bai san muryar da yake nema ba tukuna, maɓalli shida ruɗa shi za su yi. Akwai kuma Cry Baby Mini, rabin girman ta ainihi, mai sauƙin sawa a jaka, amma mai babbar ƙafa zai sha wuya da ita. In kuwa jitar yaron bes ce, wato mai kaurin murya, kada a saya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan, gama za su zubar masa da kaurin. Tasa dabam ce, kamar Cry Baby 105Q.

Kafin a kai ga wannan duka, Baba, tambayi yaron abin da yake da shi a hannu. In ba shi da feda ko ɗaya, wataƙila ya fi a saya masa akwatin nan mai haɗa muryoyi da yawa, irin Zoom G1X Four, wanda yake da mataki a gefe, wa-wa tana ciki tare da abin saita tsirkiya da sauran muryoyi. Jikinsa roba ne, matakinsa gajere ne, wa-warsa ba ta kai ta Cry Baby daɗi ba. Duk da haka ga gidan da sau ɗaya za a yi sayayyar nan, mu shi za mu fi nuna wa. In kuma tsirkiyarsa ta yi tsatsa, ko wayarsa sai an riƙe ta da hannu take kawo sauti, to a fara da waɗannan. Fedar tana fito da abin da aka ba ta ne, har da kuskure.

In an tsai da shawara za a saya, kada a aika, kada kuma a saya a cikin kwali ba a buɗe ba. A tafi da yaron, da jitarsa, da wayarsa. A roƙi mai shago ya kashe rediyo. Da farko kada a kaɗa kome: a kunna fedar, a taka ta a hankali daga diddige zuwa yatsu, a kasa kunne ko akwai ƙarar busasshen ganyen nan. Sa'an nan yaron ya kaɗa tsirkiya ɗaya ya bar ta tana kuka, ya sāke takawa a hankali. Mai kyau takan buɗe sannu a hankali tun daga farko har ƙarshe. Marar kyau takan yi shiru rabin hanya, sa'an nan ta buɗe gaba ɗaya a wuri guda. A ɗauke ƙafa a tsakiya a gani ko matakin zai tsaya ko zai faɗi. A kunna a kashe sau goma. Daga ƙarshe a kashe fedar a saurari jitar, a cire fedar a haɗa jitar kai tsaye da amfilifaya a sāke saurara. Waɗansu, musamman tsofaffi, sukan dushe muryar jita ko da a kashe suke. Jabu kuma suna nan da yawa, sunan daidai, fentin daidai. Wadda ka ɗaga ka ji ba nauyi alhali an rubuta GCB95 a jikinta, ajiye ta. Ba mu faɗi farashi ba domin yana bin dala, abin da muka rubuta yau ba zai kai ƙarshen wata ba. A tuna dai a sa kuɗin waya ta biyu a lissafi, gama ba ta zuwa da ita.

Wajen wuta, batir mai bolt 9 take ci, irin mai kusurwa huɗu. Cry Baby ba ta da ci, batir ɗaya yakan daɗe ƙwarai, muddin ana zare wayar jita daga jikinta bayan an gama, domin sa wayar shi ne yake buɗe wa batir hanya. In za a yi amfani da adafta, sai mai bolt 9 wadda aka yi domin fedar jita. Muna jan kunne a nan da gaske. Adaftar fiyano na lantarki irin na Yamaha takan shiga ramin, amma yawancinsu bolt 12 ne, wutarsu kuma a juye take, tana iya ƙone fedar nan take. Kada kuma a ajiye fedar dab da adafta ko taransifoma, gama koyil ɗin yakan jawo ƙugi. In an gama, a sa ta a jaka ko a rufe ta da ƙyalle, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Sauran magana taka ce, saurayi. Muryar da Cry Baby take yawo a cikinta tana tsakanin girgiza wajen 350 zuwa 2,200 a daƙiƙa ɗaya. A daidai nan ne muryar mutum take rarrabe "a" da "u" da "o". Wato in mawaƙa suna rera waƙa kai kuma kana taka feda, baki biyu ne suke magana a lokaci ɗaya, naka kuwa yana da amfilifaya. Tsofaffin da ke bencin baya ba za su ji kalmomin ba, kuma domin kalmomin suka zo. Ka bar ta sai wurin da muryoyi suka huta, ko farkon waƙa, ko inda ake kiɗa zalla. Ka kuma lura da ƙafarka. Kowane sabon shiga yakan taka fedar daidai da bugun ganga, sama ƙasa, sama ƙasa, kamar tela yana sauri ranar jajiberen Kirsimati. Ka koyi riƙe ƙafar, ka buɗe sautin a kan muryar da kake so a ji kaɗai. Wannan yakan ɗauki makonni, a ɗaki, da amfilifaya ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta.

Da za a bi tamu, Baba, da sai yaron ya ari ta wani ya yi mako biyu da ita kafin a fitar da ko kwabo. In bayan mako biyun har yanzu yana nemanta, a sayi GCB95 ko V847 sabuwa, ko ta hannu wadda ta ci gwajin nan, shi ma ya kawo wani abu daga aljihunsa.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan tsirkiya, mu kuma amsa wa uwargidan da ta tambaya yadda za a hana wuyan jita lanƙwashewa a lokacin zafi.