Hon ba birki ba ne

Jama'a, yau sai na faɗi wata magana, ko da bakanikena zai daina gaishe ni.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawanmu ma'aikata muka jingine motoci, muka kakkaɓe tsofaffin baburanmu. Ni ma na fito da tsohuwar Jincheng ɗina. Na sauya taya, na sa sabuwar fitila, har rigar kujera na ɗinka. Birki kuwa ban ko kalle shi ba, sai ranar da wata yarinya 'yar firamare ta ɓullo gabana. Na taka birki har ƙasa, mashin bai tsaya ba. Da tafin takalmi na tsayar da shi. Allah ne kawai ya kiyaye.

Na je gareji. Bakanike ya ɗaure notin da ke ƙarshen sandar birkin baya, ya ce an gama. Bayan mako biyu muka koma gidan jiya. Na ce a cire tayar a gabana. Wallahi shu ɗin ya cinye saura ƙarfe, giris ya malale cikin gangar da yake gogawa, sifirin ya saki. To don Allah wane noti ne zai gyara wannan?

Birkin irin waɗannan babura, su Jincheng da Boxer, ba wani asiri ba ne. Ka taka ko ka matsa, sanda ko waya ta ja, shu biyu su buɗe su kama ganga. Idan ya yi sanyi, dalilin ba ya wuce shu ya cinye, mai ya taɓa shi, fuskarsa ta yi santsi, ko waya ta yi tsatsa tana tsinkewa sili-sili. Gyaransa a buɗe, a goge ganga da samfefa, a sa shu mai kyau, a sauya waya da sifirin. Shu da ya sha mai ba a wanke shi a mayar, jefarwa ake yi. Ɗaure noti kullum rufa-rufa ce.

Sai babbar ƙaryar da muka gada: wai birkin gaba yana kifar da mutum. Har za ka ga babur ba wayar birkin gaba sam, mai shi yana ta tinƙaho. Alhali idan za a tsaya nauyi gaba yake komawa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Fizgarsa ne ke kayarwa. A matsa a hankali, tare da na baya.

Za a ce babu kuɗi. Na sani, albashi ɗaya muke jira. Amma wanda ya iya sayen hon irin na tirela bai rasa kuɗin shu ba. Masu sayar da jabun kaya kuma, ku ji tsoron Allah. Jami'an kiyaye haɗurra da 'yan bi'ai'o, bayan duba takardu, ku riƙa taka birkin nan ku ji.

Ɗan'uwa, 'ya'yanka uku kake ɗorawa a kai kullum da safe. Gobe kafin ka tayar, tura mashin ɗin, ka gwada birkin gaba daban, na baya daban. Idan bai kama ba, kai shi a buɗe, ka tsaya a kansa.

Allah ya tsare mu.