DAGA BAKIN ZAURE: Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi

 

Kwanan baya na shiga trotro daga Nima na nufi Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke tsakiyar birnin Ankara, wancan farin gini mai kama da jirgin ruwa wanda mutanen Sin suka gina aka gama a 1992. Babban zaurensa na cin mutum kamar 1,500. Da na zauna sai na yi ta waige-waige ko zan hango hula ko mayafin wani namu. Wallahi yatsun hannu ɗaya sun ishe ni ƙirga su. Daga Nima zuwa wurin ba wata tafiya ba ce, amma ka ce wata ƙasa ce daban.

Da na dawo unguwa na ba da labari a majalisarmu ta shayi, sai ra'ayi ya rabu uku. Dattawa suka ce wannan ba wurin ɗan Musulmi ba ne, kiɗa ne da rawa da cuɗanyar maza da mata. 'Yan kasuwa suka ce kuɗin tikiti ɗaya ya ishi cefanen gida, kuma wasan da Turanci ko Twi ake yi. Samari kuwa suka ce su suna zuwa, har bikin zane-zanen titi na Chale Wote da aka fara a unguwar Jamestown a 2011 ba ya wuce su, sai dai in sun dawo gida ba sa faɗa.

Ban ce dattawa ba su da hujja ba. Akwai abin da ake nunawa a irin waɗannan wurare da ba zan so 'yata ta gani ba, kuma mai shirya wasa ba ya duba lokacin Magariba. Amma tambayata ita ce: in muka juya baya gaba ɗaya, wa zai ba da labarinmu? Amsa a fili take. Wasu ne za su bayar, kuma sun daɗe suna bayarwa. Sau nawa muka ga an fito da ɗan Zango a wasan talabijin a matsayin maigadi mai gurɓataccen Turanci, ko ɗan daba mai wuƙa, ko malamin tsibbu? Mukan yi fushi mu yi tsaki, gobe kuma a sake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke cewa harkar ba tamu ba ce, alhali hannun mutanenmu na cikinta dumu-dumu. Dakta Mohammed Ben Abdallah, haifaffen Kumasi, ya riƙe ma'aikatar ilimi da al'adu a zamanin mulkin PNDC, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya aka gina wannan gidan wasa. Shi ya rubuta wasan The Trial of Mallam Ilya da aka buga a 1987. Mohammed Naseehu Ali, shi ma ɗan Kumasi, ya fitar da littafin gajerun labarai mai suna The Prophet of Zongo Street a 2005, a Amurka aka buga shi. 'Yan ƙungiyar VIP, yaran Nima, sun sa Hausa cikin kiɗan hiplife har suka kwashe kyaututtuka a gasar mawaƙan Gana ta 2004. Mutum nawa a cikinmu suka karanta waɗannan littattafai biyu? Ni kaina sai da na girma na riƙe na farkon a hannuna.

Kuma rubutu ba baƙonmu ba ne. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Karachi inda ya rasu a 1934. Babban malami ne, limami, ya karantar da ɗalibai masu yawa. Duk da haka ya zauna ya tsara waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata. Bai ga hakan ya rage masa malanta ba. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta bi gidajen malamai tana tattara irin waɗannan rubuce-rubuce. Yau baƙi daga Turai da Amurka ke zuwa su karanta su su sami digiri, jikokin masu su kuwa ba su san suna nan ba.

Hukumar UNESCO ta naɗa Ankara babban birnin littattafai na duniya na shekarar 2023. An yi taruka, an baje kolin littattafai. Mu me muka kai? Hausa ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana ke buga littattafai da su, ko da yake gidan rediyon gwamnati na watsa labarai da ita. Ke nan ba wata hukuma da za ta buga mana. In ba mu yi da kanmu ba, shi ke nan.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Makarantunmu na Islamiyya sun saba shirya ɗan wasan kwaikwayo ranar walimar saukar karatu ko Maulidi. To malamai su rubuta waɗannan wasanni a takarda, a adana, a gyara, wata rana a kai su babban zaure a lokacin da bai ci karo da salla ba. Sarakunan Zango da masu hannu da shuni su sa kyauta ga yaron da ya fi iya rubuta labari ko waƙa da Hausa. Wanda ke da tsofaffin takardun kakansa cikin akwati ya fito da su a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu. Iyaye kuma, in yaro ya nuna yana da hannun zane ko bakin waƙa, a ja shi a jiki a nuna masa iyaka, kada a kore shi ya je ya koya a inda ba mai tsawata masa.

Wanda ke ganin na yi kuskure ya rubuto, filin nan namu ne duka, zan buga wasiƙarsa. Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.