Sawaro Ba Ya Tafiya da Mai Gaggawa

A hamadar Sonora, wadda ta ratsa jihar Arizona ta Amurka har ta shiga ƙasar Meziko, Allah cikin hikimarSa Ya halicci wani tsiro mai ƙaya da ake kira sawaro, wanda yakan tashi sambal kamar ginshiƙin masallaci, ba ganye ba inuwa, har ya kai mita 12 ko fiye, alhali kuwa a shekaru takwas na farkon rayuwarsa da ƙyar yake kai santimita huɗu, yana fake a gindin wata bishiya da ke kare shi daga rana da sanyin hunturu. Ba ya fure sai ya kusa shekara 35, ba ya fitar da rassa sai bayan 50 zuwa 70, yakan kuma rayu shekara 150 ko fiye.

To, wannan jinkiri shi ne musabbabin fitina, domin ma'abota dukiya a biranen Finiks da Tusan na jihar Arizona, waɗanda ke sha'awar ganinsa tsaye a ƙofar gida amma ba su da juriyar jiran abin da sai jikoki za su gani, sukan nemi babba a tono musu. Har sata ta yi yawa, ta kai ma'aikatan gandun da aka keɓe masa tun 1933 suna cusa wa wasu sawaro ƙananan na'urori a jiki don a gane na sata, duk da cewa dokar jihar ta haramta tumɓuke shi ba da izini ba.

A ganina ko da izini wannan al'ada ba ta da maslaha, kuma hujjata tana cikin saiwarsa. Mafi yawanta shimfiɗe take kusa da fuskar ƙasa, tana yaɗuwa gwargwadon tsawon tsiron don ta tsotse ɗan yayyafin da ya sauka, saboda haka mai tono lalle ne ya datse ta. Tsohon sawaro kuwa, da yake cikinsa taskar ruwa ce, yakan daɗe tsaye yana cin ajiyarsa, mai gida na ta alfahari, alhali ajali ya riga ya kama shi. Ko wanda ya tsira ma, wajibi ne a dasa shi yana fuskantar alƙiblar da ya saba, in ba haka ba rana ta ƙone ɓangaren da bai san ta ba.

Wanda yake son sa da gaske, ya sayi ƙarami wanda aka raina daga iri, ya sa shi cikin ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwana a cikinta, ya yi masa 'yar inuwa a shekarun farko, sa'an nan ya kame hannunsa daga israfin ban-ruwa, gama damshin da ya daɗe a gindi yakan ruɓar da saiwa tun kafin wata alama ta bayyana a sama.