Hunturu da Akurkin Malami: A Sa Wuta ko A Bari?

Da zarar hunturu ya kankama, hira a ɗakin malamai kan karkata daga jarrabawar ƙarshen zango zuwa kaji. Da yawa daga cikinmu, akurkin bayan gida ne ke rufa mana asiri idan wata ya yi nisa: shi ke ba yara ƙwai, shi ke biyan kuɗin littafi. Tambayar da ke ta dawowa ita ce, a kai wa kaji wuta da dare ko a ƙyale su? Ra'ayinmu shi ne, kazar da gashinta ya cika ba ta bukatar wuta, kuma kaskon gawayin da ake kai mata ya fi sanyin haɗari.

Zafin jikin kaza yakan kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ya ɗara namu da kusan digiri 4. Idan sanyi ya taso, sai ta tayar da gashinta ya riƙe ɗumi, ta cusa baki cikin fiffike, ta kwanta kan ƙafafunta, ta matsu da 'yan uwanta. A Kanada da Rasha, inda ruwa ke daskarewa, masu kiwon gida da yawa ba sa ɗumama akurki. Sanyinmu na Disamba da Janairu, ko da na Jos ne, bai kama ƙafar wancan ba. Zafin bazara ma ya fi wahalar da kaza, domin ba ta gumi.

Mu dubi abin da wuta ke jawowa. Akurki cike yake da ɓuntun shinkafa ko dusar katako, ga busasshiyar iska. Tartsatsi ɗaya ya isa, kuma galibi akurkin na jingine da ɗakin da yaranmu ke barci. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe kaza, tana kashe mutum. Kada garin neman gira a rasa ido.

Masu cewa a sa wuta suna da gaskiya a wuri guda: 'yan tsakin da aka sayo ba uwa. Su kam suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kusan digiri 3 kowane mako, har gashi ya rufe su wajen mako 6. Ƙwan lantarki ko fitilar da aka kafe sosai ta fi, in kuwa dole sai gawayi, a bar shi ya ruru a waje, a bar kafar iska. Tsakin da kansu za su ba da labari: in sun cunkushe a gindin wuta, sanyi suke ji, in sun guje ta suna haki, zafi ya yi yawa.

Manyan kaji kuwa, a tare musu gefen arewa maso gabas da buhu ko zana, inda iskar hunturu ke bugowa, a bar sama a buɗe domin warin kashi ya fita. A riƙa sauya shimfiɗa, a ƙara musu tsaba da yamma, kada ruwa ya yanke.

Mutuwar da muke ɗora wa sanyi sau da yawa aikin cutar Nukasil ce, wadda ake kira fakat, mai yaɗuwa a wannan lokaci. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom na sarrafa shi. Kwalba ɗaya ta ishi kajin gidaje da dama, kuma da an haɗa ta ba ta ajiyuwa. Don haka muna kira ga reshenmu da ya tsayar da rana guda, a yi karo-karo, a gayyato malamin dabbobi ya zagaya gidajen mambobi. Kuɗin gawayin bana, mu kai shi can.